Ra'ayinmu: Kada Mu Daka Rawar Wani a Kasuwar Kwamfutar Tebur

Duk shekara, da zarar watan Janairu ya kama, manyan kamfanonin ƙera kayan kwamfuta sukan hallara a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, su baje kolin sababbin kayansu a wani taro da ake kira CES. Kafin taron ya watse, hotunan kayan sun riga sun zaga duniya, sun iso wayoyin 'yan'uwanmu ɗalibai a ɗakunan kwanansu, da na matasan ma'aikata a ofisoshinsu. Daga nan sai muhawara ta kaure: wane katin hoto ne ya fi, wace furosesa ce ta yi zarra, wa ke gaba tsakanin Intel da AMD. Ana yi ana ta da jijiyar wuya kamar masu musun ƙwallo, alhali kuwa da yawa cikin masu musun nan ba su taɓa kwance murfin kwamfuta sun leƙa cikinta ba.

Wannan mujalla ba ta ɗauki sha'awar nan a matsayin shirme ba. Muna ganin tana da amfani ƙwarai da gaske, in an san inda za a dosa da ita. Abin da muke tsoro shi ne ta zama hanyar tatse aljihun matasa, su riƙa bin yayin da ba don su aka ƙirƙiro shi ba. Masu iya magana sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, darajar kwamfutar tebur tana cikin cewa ana iya buɗe ta, a fahimce ta, a gyara ta, a kuma ƙara mata ƙarfi gaɓa-gaɓa. Wanda ya riƙi wannan ya ci riba ko da na'urarsa tsohuwa ce. Wanda kuwa ya bi sunan kaya da tsadarsu kawai, ya yi asara ko da ya mallaki ta ƙarshe a kasuwa.

Asalin gadon

Ya kamata mu fara da tushe. A watan Agustan 1981 kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur a kan dala 1,565. Abin da ya bambanta ta da sauran na zamaninta shi ne, IBM bai ƙera dukan sassanta da kansa ba. Furosesar ta Intel ce, manhajar da ke tafiyar da ita ta Microsoft ce, sa'an nan kamfanin ya buga littafin da ya bayyana yadda sassanta ke haɗuwa. Wannan ya ba wasu kamfanoni damar ƙera irin kayan da za su zauna daidai a cikinta, daga bisani ma suka ƙera kwamfutoci sukutum masu kama da ita. A 1995 Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya ƙayyade girman babban allo da wuraren ɗaure shi da yadda za a ba shi wuta. Har yau a kan wannan tsari ake tafiya.

Albarkar wannan ita ce mutum zai sayi babban allo ƙirar Asus ko MSI ko Gigabyte na Taiwan, ya ɗora masa furosesar Amurka, ya soka masa RAM ɗin Koriya ta Kudu, ya zuba su cikin akwatin da aka ƙera a ƙasar Sin, su yi aiki tare lafiya lau. Ba haka wayar hannu take ba, ba kuma haka yawancin laftof na yanzu suke ba, inda ake liƙe RAM a jikin allo, a manne batir da gam, ta yadda in abu ɗaya ya lalace sai a yar da duka. A cikin na'urorin da muke mu'amala da su kullum, kwamfutar tebur ce kaɗai ta rage wadda mai ita ke da cikakken iko a kanta.

Domin mai karatun da bai saba ba, sassan da ake magana a kansu shida ne. Furosesa ita ce mai lissafi da ba da umarni. RAM shi ne shimfiɗar da take baza aikin da ke hannunta, da an ɗauke wuta kuma sai abin da ke kai ya gushe. Ma'ajiya ita ce rumbun da ke riƙe bayanai ko an kashe na'ura. Katin hoto shi ke zana duk abin da ido ke gani a allon kallo. Babban allo, wanda masu gyara ke kira bod, shi ke haɗa su duka. Akwatin wuta kuma shi ke karɓar lantarki daga bango ya raba wa kowa gwargwadon buƙatarsa.

Katin hoto: tsada da cin wuta

A cikin waɗannan shida, babu wanda ya canja kamar katin hoto, babu kuma wanda ya fi shi cin kuɗin masu wasannin kwamfuta. Bari mu dubi alƙaluman da kamfanin Nvidia, wanda ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa, ya sanya wa manyan katunansa. A 2017 katin GTX 1080 Ti ya fito a kan dala 699, yana cin wat 250 na lantarki. A 2022 RTX 4090 ya zo a kan dala 1,599 da wat 450. A watan Janairun 2025 kuma RTX 5090 ya sauka a kan dala 1,999, yana cin wat 575, har kamfanin ya ba da shawarar a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 1,000. Watau cikin shekara takwas kuɗin babban kati ya kusa ninkawa uku, wutar da yake ci kuma ta haura ninki biyu. Wannan fa farashin da aka rubuta ne. A kantuna sau da yawa an sayar da shi fiye da haka.

Yawan wutar ya kai ga haifar da matsalar da ba a saba da ita ba. An ƙirƙiro sabuwar mahaɗar waya wadda za ta ɗauki har wat 600 ta kai wa katin, amma daga watan Oktoban 2022 aka fara samun rahotannin narkewarta a jikin RTX 4090. Nvidia ya ce rashin tura ta har ƙarshe ne ke jawo haka, daga baya kuma aka yi wa ƙirarta kwaskwarima. Ko ma wane ne da laifi, darasin a fili yake: an kai matsayin da ake tura wutar da ta isa ta kunna firji da fankoki ta cikin mahaɗar da ba ta kai kwalin ashana ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne haƙar kuɗin intanet. An gano cewa katin hoto ya dace da lissafin da ake yi wajen haƙar Ethereum, sai masu wannan sana'a suka riƙa kwashe katuna ɗari-ɗari, da farko a 2017, sa'an nan a 2020 da 2021. Karo na biyun ya zo daidai da annobar korona, lokacin da masana'antu suka yi tafiyar hawainiya, mutane kuma suka maƙale a gida suna neman abin ɗebe kewa. Katin da aka sa wa dala 699, kamar RTX 3080, ya riƙa tafiya a ninkin kuɗinsa. A watan Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa, ya daina buƙatar katunan, amma kafin nan kamfanoni sun riga sun gane cewa akwai masu biyan ko nawa aka faɗa.

Dalili na biyu ya fi na farko girma, shi ne ƙirƙirarriyar basira. Katin hoto yana da dubban ƙananan masu lissafi da ke aiki a lokaci guda, domin zana hoto yana buƙatar a lissafta launin miliyoyin ɗigo a tare. Irin wannan lissafi ne ake buƙata wajen horar da na'ura ta gane hoto ko ta rubuta magana. Sai ga shi abin da aka ƙera don wasa ya zama injin babbar masana'antar zamani. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2025, Nvidia ya samu dala biliyan 130.5. Daga ciki, biliyan 115.2 sun fito ne daga kayan manyan cibiyoyin sarrafa bayanai, biliyan 11.4 kacal daga kayan masu wasa. Watau masu wasan da suka raini kamfanin tun kafa shi a 1993 ba su kai kashi ɗaya cikin goma na cinikinsa ba.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙarancin masu ƙera ainihin ƙwayoyin silikon da ke cikin waɗannan kaya. Nvidia da AMD zana su kawai suke yi. Kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera musu mafi yawa. Injinan da ake buga mafi ƙanƙantar zanen da su kuwa, kamfani ɗaya ne tak a duniya ke yin su, watau ASML na ƙasar Holan. Ƙwayoyin RAM kuma kusan dukansu suna hannun kamfanoni uku: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. In masana'anta tana iya yin ƙwaya guda ta sayar wa cibiyar bayanai a kan dubban daloli, me zai sa ta ɓata wuri a kan mai ɗari uku? A ƙarshen 2025 an ga sakamakon haka ƙiri-ƙiri, inda kuɗin RAM irin na DDR5 ya ninka cikin 'yan watanni, har Micron ya sanar a watan Disamba cewa zai rufe sashensa na Crucial mai sayar wa ɗaiɗaikun mutane, ya mai da hankali ga manyan masu saye.

A yi hattara da alƙaluman talla

Akwai wani yayi da ya kamata mai saye ya fahimta, domin a nan aka fi rufe wa mutane ido. Tun daga 2018 katuna suka fara zuwa da dabarar bin sawun haske, wadda ke sa inuwa da ƙyallin ruwa da madubi su fito kamar na gaske. Da yake wannan aiki ne mai nauyi, sai aka ɓullo da wata dabara: katin ya zana hoton a ƙarami, sa'an nan ƙirƙirarriyar basira ta faɗaɗa shi ta cike gurbin. Nvidia na kiran tasa DLSS, AMD na kiran tasa FSR. A 2022 aka ƙara da cewa katin zai ƙago hoto guda ya saka tsakanin hotuna biyu na gaske, a 2025 kuma ya koma ƙago har uku a bayan kowane ɗaya.

Dabarar tana da amfani, domin takan tsawaita rayuwar ƙaramin kati. Amma ta ba masu talla damar faɗin abin da ba haka yake ba. A taron CES na 2025, shugaban Nvidia, Jensen Huang, ya shaida wa jama'a cewa RTX 5070 mai dala 549 zai yi aikin RTX 4090. Da katin ya shiga hannun masu gwaji masu zaman kansu, sai aka ga maganar ba ta tsayawa sai an ƙirga har da hotunan da aka ƙago. A zanen gaske tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce. Haka nan ƙananan katuna irin su RTX 5060, mai dala 299, sun fito a 2025 da gigabayit 8 na ƙwaƙwalwar hoto, daidai da abin da GTX 1070 ya zo da shi tun 2016, alhali sababbin wasanni sun fara neman fiye da haka. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin mai kaya ba hujja ba ne.

Inda aka ci gaba da gaske

Adalci ne mu faɗi inda al'amura suka gyaru. Kusan shekara goma Intel ya tsaya a kan furosesa mai zuciya huɗu ga talakan mai saye, domin babu mai matsa masa. A watan Maris na 2017 AMD ya fito da Ryzen, ya sayar da mai zuciya takwas a kan dala 329. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya ƙara nasa zuwa shida. Wannan gasa ce ta sa yau furosesa mai matsakaicin kuɗi ta fi ƙarfin abin da yawancinmu za mu ɗora mata. A 2022 AMD ya ƙara da dabarar ɗora ƙarin ma'ajiyar gaggawa a kan furosesar kanta, a samfurin Ryzen 7 5800X3D, abin da ya sa wasanni suka ƙara sauri ba tare da ƙarin cin wuta ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne mazaunin furosesa na AM4, wanda AMD ya fito da shi a 2016 ya kuma ci gaba da yi masa sababbin furosesoshi har 2025. Wanda ya sayi babban allo a 2017 ya samu damar ɗora masa furosesar 2022, ya sabunta na'urarsa ba tare da ya zubar da sauran kayan ba. Intel kuwa ya sauya mazauni a 2020, ya sake a 2021, ya kuma sake a 2024. A 2024 ɗin ne ma ya amsa cewa wasu manyan furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda ƙarfin lantarki da ya wuce kima, ya ƙara wa masu su garanti na shekara biyu. Wannan ya isa ya nuna cewa mafi tsada da mafi sabunta ba su ne mafi aminci ba ko da yaushe.

Ma'ajiya ma ta yi tsalle mai nisa. Tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD na farko-farko ya kai kimanin 550, na NVMe ya kai 3,500, daga baya 7,000, na baya-bayan nan har 14,000. Sai dai ga wani sirri da masu talla ba sa faɗa: bambancin da mutum zai ji a jikinsa yana tsakanin tsohon faifai da SSD ne. Daga nan zuwa sama, wajen buɗe wasa ko manhajar rubutu, tazarar 'yan daƙiƙoƙi ce. A ɓangaren katin hoto kuma an samu masu ƙalubalantar Nvidia: Intel ya fito da Arc B580 mai gigabayit 12 a kan dala 249 a Disamban 2024, AMD ya biyo da RX 9070 XT mai gigabayit 16 a kan dala 599 a Maris na 2025.

Lissafin gida

To, yanzu mu dawo da waɗannan alƙaluma gida Nijeriya, domin duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. In muka yi lissafi da wannan farashi, RTX 5090 shi kaɗai ya kama naira miliyan uku, kafin kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi fiye da shekara uku da rabi yana tara albashinsa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mallaki gaɓa ɗaya ta kwamfuta. Har ƙaramin kati mai dala 299 ya haura albashin wata shida.

Bayan saye akwai ciyarwa. A watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit. Na'urar da ke cin wat 800, in ta yi awa huɗu kullum, za ta sha yunit 96 a wata, watau naira 21,600 a wancan farashi. Mai cin wat 250 kuwa yunit 30 za ta sha, naira 6,750. Wannan fa ga wanda ke samun wutar ke nan. Wanda ya dogara da ƙaramin janareta, babbar na'ura ta fi ƙarfinsa. Wanda ke amfani da sola kuma zai ga baturansa sun ƙare tun dare bai yi nisa ba.

Kada kuma a manta cewa duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take komawa. Masu gwajin da muke kallo a intanet suna yi ne a ɗakuna masu sanyi. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri, a watannin bazara zafi yakan haura digiri 40, na'ura kuma in ta ji zafi ya yi yawa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Sai ka biya kuɗin doki ka samu tafiyar jaki. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ta toshe fankoki da matatun iska. Ga hawa da saukar ƙarfin lantarki, wanda ke kashe akwatin wuta mara inganci, wani lokaci ya tafi da babban allo da katin gaba ɗaya.

Wani zai ce to ai sai an yi haka ake shiga sahun masu wasa na duniya. Alƙaluman dandalin Steam, wanda shi ne babbar kasuwar wasannin kwamfuta, sun ƙaryata wannan. A binciken da yake yi wa masu amfani da shi kowane wata, katin GTX 1060, wanda ya fito a 2016 a kan dala 249, ya yi kimanin shekara biyar yana kan gaba, sai a ƙarshen 2022 wani ƙaramin kati, GTX 1650, ya sauke shi. A 2024 fiye da rabin masu wasan suna kan allo mai ɗigo 1920 sau 1080. Ashe har a ƙasashen masu hannu da shuni, jama'a da matsakaicin kaya suke wasa. Manyan katunan nan da ake ta yayatawa na 'yan tsiraru ne.

Shawararmu

Na farko, mai niyyar saye ya fara rubuta aikin da zai yi kafin ya tambayi farashi. Wanda ke tace fim, kamar masu wannan sana'a a Kannywood, ko ɗalibin zanen gine-gine, ko mai binciken da ke horar da na'ura, yana da hujjar sayen babban kati, domin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Wanda kuwa burinsa ya buga ƙwallo da abokai bayan lacca, ya rubuta aikin makaranta, ya koyi rubuta manhaja, furosesa mai zuciya shida da RAM gigabayit 16 da SSD da matsakaicin kati sun wadatar da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, kada a yi rowa a inda ido ba ya gani. Fitilu masu launi da akwatin gilashi ba sa ƙara gudun komai. Kuɗinsu ya fi dacewa da akwatin wuta na kamfanin da aka sani, da sitabilaiza, da UPS mai riƙe na'ura na 'yan mintoci in an ɗauke wuta, da akwati mai wadatar iska. A riƙa buɗe ta ana kakkaɓe ƙura, musamman a hunturu. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, kayan hannu ba abin kunya ba ne, amma ba a cinikin biri a sama. Ko a Computer Village ta Ikeja ne, ko a titin Beirut na Kano, a sa mai kaya ya kunna katin, ya ɗora masa aiki mai nauyi na tsawon lokaci, a duba zafinsa da ƙarar fankarsa, domin katuna da yawa sun yi shekaru suna haƙar kuɗin intanet dare da rana. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna da araha da ƙarko, sai dai akwatin wutarsu ƙarami ne, ba ya ɗaukar kati sai mai cin wat 75 ko ƙasa da haka. A kuma sani cewa Microsoft ya kawo ƙarshen cikakken tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida yana buƙatar furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Na'urar da ta gaza haka kada a biya mata kuɗin sabuwa. Amma ba ta mutu ba: Linux kyauta ne, kuma tun fitowar Steam Deck a 2022 dubban wasannin Windows suna tafiya a kansa.

Na huɗu, wanda shi ne mafi muhimmanci, mai saye ya haɗa na'urarsa da hannunsa, ko ya tsaya a kan mai haɗawa yana tambaya. Sukudireba guda da natsuwa da karanta takardar da ke cikin kwali sun isa. Wanda ya san dalilin da ya sa na'ura ta ƙi tashi, ya iya gano RAM ne ko wuta, ya riga ya mallaki sana'ar da ofisoshi da makarantu da asibitoci ke nema kullum. Ɗalibai uku ko huɗu ma suna iya haɗa kuɗi su gina guda ɗaya, su raba lokaci, kowa ya koya.

Ga masu ganin duk wannan wasa ne

Mun san akwai iyaye da malamai masu ganin cewa maganar katin hoto ɓata lokaci ce. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, domin wasa yakan cinye dare, ya cinye kuɗin littafi, ya kai ɗalibi ga maimaita aji, kuma ba za mu kare wanda ya bar karatu ya kama wasa ba. Amma muna tuna musu wani abu. A 2012 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever, tare da malaminsu Geoffrey Hinton, suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da tazarar da ta girgiza masana. Abin da suka horar da tsarinsu da shi, katunan wasa ne guda biyu samfurin GTX 580, irin waɗanda kowa ke iya saya a kanti. Daga wannan aiki ne guguwar ƙirƙirarriyar basira ta yanzu ta taso, Hinton kuma ya samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar fizik a 2024. Katunan da ake sayarwa yau a matsayin ƙanana sun fi waɗancan biyun ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saboda haka bambancin yana ga abin da mai na'urar ya sani da abin da ya nufa da ita. Ƙwayoyin silikon ba a nan ake ƙera su ba, farashinsu ma ba mu ke yankewa ba. Dala da TSMC da cibiyoyin bayanai na Amurka ne ke juya wannan akala. Abin da ke hannunmu shi ne ilimin abin da muke saya, da ƙin biyan kuɗin da bai kamata ba, da iya raya na'ura ta yi shekara takwas ko goma tana aiki. Kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata shi ne, in Janairu ya zagayo aka sake baje koli a Las Vegas, a kalla, a ƙaru, a yi musun ma in ana so. Amma kafin a zare ko sisi daga aljihu, a ɗauki takarda a rubuta aikin da za a yi, da wutar da ake samu a gida, da albashin wata nawa abin zai ci. Iya ruwa, fidda kai.